Ƙarfen da ke harshen Hanan

Asabar, bayan isha'i, Catford, Landan.

Jikata Hanan ta zo yau, bayan wata takwas ba ta tako gidan nan ba. Don murna har na rasa inda na ajiye tabarau. Na miƙa mata kilishi, ta ce ba za ta iya taunawa ba. Da ta yi dariya na hango ta huda harshenta ta sa ƙarfen ado, haƙorin gaba kuma ya ɗan gutsure.

Na ce, "Amarya, wa ya sa miki linzami?"

Ta ce, "Don Allah Kaka, kar ka gaya wa Mama."

Ta gaya mini likitan haƙori ya ce ta cire, ta ƙi. Sai ya ce aƙalla ta sa gajere mai kan roba, don dogon ne ke dukan haƙoran. Ni na raka ta shago a Lewisham. Da ɗan karatuna na makarantar dare na tsaya ina haɗa baƙin jikin kwali, ko zan gane wanda ba zai ci mata dasashi ba. Mai shagon ma ya ce babu tabbas.

In na yi faɗa, ba za ta dawo ba. In na yi shiru, haƙoran za su tafi.

Ɗazu uwarta ta bugo waya. Na ce lafiya lau, har kilishi ta ci. Allah Ya yafe mini.