Bidin Yaya Babandi

Litinin, 6 ga Muharram 1347

An yi arba'in ɗin Yaya Babandi. Bidi, dokinsa, yana turke, kowa tsoronsa yake ji. Matarsa Halimatu Sa'adiya ta aiko daga ɗakin takaba, wai kada a sayar, ni in riƙa hawa. Ni tela, ina ni ina doki? Na ce to.

Alhamis, 9 ga Muharram

Baba Isiyaku, tsohon dillalin dawaki, ya ɗora ni kan dokin a filin da ke wajen unguwar Mokola. Bidi ya ɗaga kai sama, ya buɗe baki, bayansa ya lotsa. Na ja linzami da ƙarfina.

"Ɗan nan, guga kake ja? Bakinsa ne fa a hannunka."

Juma'a, 17 ga Muharram

Cinyoyina kamar ba nawa ba. Sirdin ya saba da zaman Yaya, ni ban cika shi ba.

Asabar, 2 ga Safar

Baba ya ce doki daga baya yake tahowa. In tura shi da ƙafa, in tarbe shi da hannu mai laushi, wuyan zai tanƙwaru da kansa. Na ce yaya Yaya yake yi? Ya ce, "Shi ba ya faɗa da shi."

Litinin, 11 ga Safar

Yau Bidi ya ba ni wuyansa. Ya sauke haɓa, bayansa ya taso ƙarƙashina, linzami ya yi sako-sako. A haka muka shigo unguwarmu Sabo har ƙofar gida. Sai na ji kuka daga ciki. Halimatu ce, ta ji takun, ta ce na maigidanta ne sak. Na daɗe a zaure ban iya shiga ba.

Laraba, 20 ga Safar

Bidi ba ya cin harawa. Idonsa na ruwa, ƙafa ta kumbura. Baba ya ce ciwon sammore ne, ƙudan kurmin nan ba ya barin doki ya tsufa.

Lahadi, 2 ga Rabi'ul Awwal

Bidi ya mutu da hantsi.

Talata, 11 ga Rabi'ul Awwal

Na koma ɗinki. Na huta ma, dama ba sana'ata ba ce. Da la'asar na biya wajen Baba, gaisuwa kawai. Yana da wani doki kili mai taurin baki, ba mai motsa shi. Na ce gobe ba ni da aiki sosai.