Zuwa ga Lawali, wanda na kira sunansa a taron Juma'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka in Allah Ya ba ka su. Ni ne Sanusi na Ɗan Isa, wanda gadonsa ke ƙarƙashin naka a ɗakin kwanan 'yan aji biyar a Ƙaura. Ban san adireshinka ba. Wani direban motar shanu ne ya ce ya gan ka a Maraɗi kana gyaran injin ban-ruwa, shi ya sa na rubuta wannan inda jama'a za su gani, ko wani ya kai maka.

Shekarar da aka cire Zamfara daga Sakkwato ce. Makaranta ba ta da zance sai na sabuwar jiha da wanda yayansa zai samu aiki a Gusau. Kai kuwa ka dawo daga garinku Gurbin Bore ba ka zancen komi. Wata rana muna wanki a bakin rijiya ka ce mini Baba ya rasu ana tsakiyar yankan gero. Ka ce kada in faɗa wa kowa, ba ka son a riƙa kallonka. Na ce Allah Ya jiƙan sa, na ci gaba da wankina.

Daga nan ka fara barin tuwonka a kwano. Kai da kake koya mana lissafi a gindin darbejiya, sai ga ka kana miƙa takarda babu rubutu. Malamin lissafi ya ce girman kai ne. Mai kula da ɗakin kwana ya ce lalaci ne, ya zane ka sau biyu saboda makara. 'Yan ɗakinmu suka ce iskoki ne suka taɓa ka. Ban ji wanda ya tambaye ka abin da ya same ka ba.

Ka san al'adar makarantarmu. Juma'ar ƙarshen zango a karanta sunayen ukun farko a tafa musu, sannan a hau da ukun ƙarshe bisa tebur, makaranta duka ta yi musu ihu. Ni ne shugaban ɗalibai, ni ke karantawa. An ba ni takardar tun da safe, na ga sunanka cikin ukun ƙarshe. Ofishin shugaban makaranta na buɗe har ƙarfe goma. Sau biyu na bi ta ƙofarsa ban shiga ba. Na gaya wa kaina amanarka nake riƙewa, alhali tsoro nake kada a ce ina kare aboki a karɓe muƙamina.

Na kira sunanka, ka hau. Da aka watse ka same ni ina naɗe tabarma, ka ce, "Ka karanta daidai, Sanusi, ba ka yi kure ba." Zango na gaba ba ka dawo ba.

Bayan an ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara na fara koyarwa a wata sakandare a Shinkafi. Abubuwa da yawa sun sauya a makarantu lokacin, daga tufafi har tsarin zama, amma teburin Juma'a na nan. A zangona na biyu na ga sunan wani yaro Nasiru cikin ukun ƙarshe, ɗalibin da watanni kaɗan baya ba ya wuce na biyar. Na kira shi gefe na tambaye shi. Ya ce mahaifiyarsa na kwance tun damina, ya kasa tuna komi in ya zauna karatu.

Wannan karon na shiga ofis. Shugaban makaranta ya ce da teburin nan aka tarbiyyantar da mu duka, ga mu mun zama mutane. Na ce ba duka ba, na ba shi labarinka. Tsohon malamin Arabiyya da ke zaune a gefe ya ce shi bai san inda addini ya halatta tozarta yaro gaban jama'a ba. Ba a yarda ranar ba. Sai da aka yi zama uku, wasu malamai suka daina gaishe ni, sannan aka fitar da teburin. Muka kuma tsayar cewa duk dawowa hutu malamin aji zai zauna da kowane ɗalibi shi kaɗai ya tambayi gida. Nasiru ya gama makaranta. Ba da sakamako mai kyau ba, amma ya gama.

Lawali, abokina, wannan bai biya ka komi ba, na sani. Na san abin da ke damunka, ni kaɗai na sani, kuma na yi shiru. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa. Kai kuma Ya sanyaya maka zuciya, Ya sa albarka a sana'arka. Ina Shinkafi har yanzu. Duk ranar kasuwa in ka tambayi Malam Sanusi a tasha za a nuna maka gida. In kuma ba ka son zuwa, ba zan ga laifinka ba.

Naka,
Sanusi