Ciyawar Mervyn Ta Koma Matattakala

Anti Glenys, don Allah ki taimake ni, hankalina a tashe yake.

Mijina Mervyn ya haura saba'in. Tun yaranmu suna ƙanana, duk Asabar yake hawa injin yankan ciyawa ya aske kewayen gidan gonarmu tas, saboda macizai da gobarar daji. Maƙwabta har tsokanarsa suke yi wai da reza yake bi. To, tun watan jiya abin ya lalace. Kowane layi, gefe ɗaya ya kwashe har ƙasa, ɗaya gefen ciyawa na tsaye, fili ya koma hawa-hawa kamar matattakala.

Ranar Lahadi 'yarmu Raelene ta zo gashin nama. Ta ƙare wa filin kallo, ta ce, "Mama, Baba fa ya daina gani, ko kuma kan ne ya fara taɓuwa. Ku daina ɓoye mana." Ni me na ɓoye? Har ta fara maganar sayar da gona da kai shi gidan tsofaffi a Tamworth. Mijinta Kelvin sai gyaɗa kai yake, mutumin da ko tumaki bai iya korawa ba. Abin da ya taɓa tsinana mana ɗaya ne: kwanakin baya tsidau ya huda tayar bayan injin, ya liƙe ta, ya ɗura mata iska da famfon motarsa har ta yi tauri kamar dutse, ya wuni yana cika baki.

Abin da ya fi tsorata ni, Mervyn ya fara yarda. Haka mahaifinsa ya ƙare, ba ya gane kowa. Jiya na same shi zaune a kan injin bai tayar ba, ya ce, "'Yar tsohuwa, in kin ga na fara, kar ki rufe ni." Shin da gaske farkon ciwon ke nan?

Mai Fargaba, daga wajen Narrabri

Ya ke Mai Fargaba,

Ki kwantar da hankalinki. Mai raunin ido ko mantuwa yakan tsallake wuri ne, ko ya ja layi a karkace. Amma kowane layi ya zurfafa ta gefe guda, iri ɗaya sak, wannan ya fi kama da laifin inji. Tayar Kelvin nake zargi. Tayoyin waɗannan injina iska kaɗan suke so. In ɗaya ta fi sauran tauri sai ta ɗaga gefenta, wuƙaƙen yankan da ke ƙarƙashin injin su karkata.

Ku hau da injin kan siminti, ku daidaita iskar tayoyin. In bai gyaru ba, a kashe shi, a zare makulli, a auna tsayin farantin wuƙaƙen daga ƙasa ta hagu da ta dama, a kuma duba ko wata wuƙa ta lanƙwashe.

Kada ki riƙe Raelene a rai. Ta ga yadda kakanta ya ƙare, tsoro ne ya sa bakinta ya yi kaifi. Ki raka Mervyn wajen likita a duba idonsa da ƙwaƙwalwarsa, shi ma ya samu natsuwa.

Amma kafin kowa ya taɓa tayar nan, ki miƙa wa Raelene makulli ta yanka layi ɗaya, Mervyn na tsaye yana kallo. In nata ma ya fito matattakala, sai ki tambaye ta ko ɗaki biyu za a kama a gidan tsofaffin na Tamworth.

Allah ya bar ku tare a gonarku, cikin ƙoshin lafiya.

Anti Glenys