Inna, Sun Ce Ba Wanda Ya Sani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Daga ɗanki Habu, manomi a ƙauyenmu na bakin fadamar Auyo, zuwa ga mahaifiyata. Gaisuwa da ban girma, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Bayan haka, Inna, na san ba fataken da za su kai miki wannan takarda. Na rubuta ne don jiya Bulama, mai garinmu, ya tara mu a gindin tsamiya, aka yi addu'ar cikarki shekara. Da aka shafa, sai ya gyara rawani ya ce gobarar bara ƙaddara ce, ba wanda ya san za ta zo. Dattawa suka gyaɗa kai. Tun jiya abinci ya ƙi shiga bakina.

Na yarda da ƙaddara, Inna. Ƙaryar ce ban yarda da ita ba, don ke kin sani, kuma kin faɗa.

Kwana uku kafin wutar, kin fito da safe kin shafa ciyawar bayan danga, hannunki ya dawo a bushe. Kika tsaya kina kallon gabas. Zafin bazarar nan har kifin da kika shanya yana ƙamewa kafin azahar. Kika ce mini shamuwa ba ta iso ba, kwaɗi sun yi shiru a gulbi, tururuwa ba ta kwashe ƙwanta ba, ga shi kullum hadari na haɗuwa da jan gindi. Kika ce, "Hadarin da bai zo da ƙamshin ƙasa ba, iska ya ɗauko, ba ruwa ba."

Kika ɗauki sandarki kika tafi ƙofar Bulama. Abu biyu kika roƙa: a hana mafarauta cinna wa gamba wuta don korar burgu har sai ruwa ya sauka, a kuma fito da fartanya a share ciyawar da ta kewaye rumbuna. Aikin yini ɗaya ne ga mazan gari.

Dariya suka yi. Ƙanin Bulama, wanda shi ne shugaban mafarauta, ya tambaya ko sama ta fara aiko wa masu bandar kifi manzo. Wani ya ce tsufa ne. Mutanen nan, Inna, shekara nawa suna turo matansu su tambaye ki ranar shuka? In kin ce a jira, suka jira, gero ya yi kyau, sai su ce dabararsu ce. Ranar da maganarki ta taɓa naman miyarsu, ranar kika zama tsohuwa mai surutu.

A rana ta uku, bayan azahar, suka sa wutar. Kafin la'asar gabas ta yi baƙi, aka yi tsawa biyu, ko ɗigo bai sauka ba. Iska ta juyo da wutar kan gari. Ta bi gamba, ta haye goruba, ta faɗa rumbuna, jinka na kamawa ɗaya bayan ɗaya. Masu dariyar nan kogi suka nufa da gudu, har da mai barin takalmi.

Ke kuwa kika tuna da Baba Maina, makahon maƙwabcinmu, wanda 'ya'yansa mata suka tafi ɗiban ruwa. Kika shiga hayaƙi kika jawo shi. Yana nan da ransa, kullum sai ya ambace ki. Hayaƙin da kika shaƙa ya zauna miki a ƙirji, kika yi kwana tara kina tari, a rumfar kaba, don ɗakinki ya zama toka, har rai ya yi halinsa. Ko sau ɗaya ban ji kin ce "ai na faɗa" ba. Da Hajara matata ta fara zagin mafarauta, cewa kika yi ta bar su, ta je ta duba ko an samu irin shuka a garin Miga.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da suka yi miki dariya ina wurin, a bayan taro. Kunya ta kama ni. Na zo na riƙe hannunki na ce, "Inna, taho mu tafi gida, ana kallonmu." Kika dube ni, kika biyo ni. Ina da fartanya biyu a ɗaki, ban ɗauki ko ɗaya ba. Ki yafe mini, Inna.

Jiya dai na miƙe a gaban Bulama. Na ce akwai wadda ta sani, kuma a ƙofar gidansa ta faɗa. Aka ce in zauna, ba a tada tsohon zance a wurin addu'a. Ban zauna ba, tafiyata na yi.

Yau da safe ni da Hajara da 'ya'yan Baba Maina muka fara share bayan rumbuna. Maza na wucewa suna kallo, biyu sun koma gida sun ɗauko fartanya. Ban iya duba sama kamar ke ba, ban zauna na koya ba sa'ad da kike kusa. Don haka kowace ranar bazara sai in ɗauka ita ce ranar wutar.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya miki makwanci. Yadda kika fitar da bawanSa daga wuta, Ya nisanta ki da ita har abada. Amin.

Ɗanki mai neman yafiyarki,
Habu