Tabon Sajan Pritchard

Zuwa ga Cecily, hasken idona, ranar da ke keto hazon yankin Kent, furen da ke riga 'yan'uwansa buɗewa tun sanyi bai gama tafiya ba!

Kin tuna safiyar da hukuma ta turo ki filin jirginmu da allo da fenti, ki zana mu muna ɗura wa jiragen yaƙi harsashi? Yatsunki sun ƙage don sanyi, na miƙa miki shayina, kika sha, kika bar shuɗin fenti a kunnen kofin. Har yau ban wanke shi ba!

Ran Asabar na samu hutu, na bi jirgin ƙasa zuwa Landan don in ga zanen inda aka rataye shi. Kaico! Ga jirgin kamar zai tashi, ga jigidar harsashi tana ƙyalli, ga mu huɗu a gindin fiffike. Ni ƙeyata kawai kika zana. Sajan Pritchard fa? Fuska cikakkiya, har da lotsawar kumatu, har da tabon ƙunar da ke ƙasan wuyansa. Shekara biyu muna aiki tare, bai taɓa buɗe maɓallin wuya a bakin aiki ba. Ni a wurin wankan bariki na san tabon nan. Ke a ina kika gan shi, Cecily?

Abokina Alwyn, da ya rako ni, ya zungure ni ya ce, "Kai mutumina, ƙeyar nan taka ce sak! Amma na Sajan, wannan ba kallon yini ɗaya ba ne." Na taya shi dariyar yaƙe.

Ya sanyin raina, ko zargi ne ya makantar da ni? To me ya sa wasiƙunki suka gajarce tun watan jiya? Kullum ni ke miƙa wa Sajan jigida yana karɓa. Jiya saura kaɗan ta suɓuce daga hannuna, alhali ran matuƙi a hannun nan yake rataye.

Ki rubuto mini gaskiya, komai ɗacinta. In shi ne, ki faɗa. Zan ci gaba da miƙa masa harsashi daidai, ko ɗaya ba zan rage ba. Amma kada ki roƙe ni in daina son ki, wannan kam ya fi ƙarfina.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Wilfred