Birkin Motar Mahaifina da Bikin 'Yata

Hajiya Zaiton, don Allah ki taimake ni. Na san filinki na matsalar gida ne, to tawa ma ta gida ce, sai dai a gareji take kwana.

Ni tsohon malamin lissafi ne a garin Ipoh na ƙasar Malesiya. Mahaifina ya bar mini wata mota ƙirar Morris da ya yi haya da ita shekara talatin. 'Yata Suraya za ta yi aure nan da mako bakwai, abu ɗaya ta roƙe ni, in kai ta wajen biki a motar kakanta. Na yi mata alkawari tun bara, har da dukan ƙirji.

Na gyara komai sai birki. Ruwan saman garin nan ya sa tsatsa ta cinye cikin silindojin birkin, wato 'yan gwangwanin da man birki ke matsawa a ciki, dole a rarake su a sa musu sabuwar riga daga ciki. Abokina Teoh, wanda muke shan kofi tare tun muna samari, ya rantse tagulla ce daidai, tana da laushi, ba ta cin robar da ke tare man birki. Maƙwabcina Sivam, tsohon makanikin jirgin ƙasa, ya ce ƙarfe marar tsatsa ne kawai, zai fi jikokina daɗewa. Ni da ba na son ɓata wa kowa, na ce wa kowannensu shawararsa zan bi. Wata goma sha ɗaya ke nan. Ina yawo da silinda ɗaya a aljihu, naɗe da hankici, ina nuna wa duk wanda ya yi kuskuren gaishe ni. Har liman ya duba ta. Matata ta ce ko lokacin neman aurenta ban yi bincike haka ba. Jiya na kama kaina ina tunanin sa tagulla a ƙafafun hagu, ƙarfe a na dama, don kowa ya samu rabonsa. Suraya ta daina tambayata, wannan ya fi komai damuna. Me zan yi?

Mai Silinda a Aljihu, Ipoh

Malam, ka ba ni dariya, amma sai da na je na tambayi wani dattijo mai wannan sana'a kafin in amsa maka.

Abokanka duka suna da gaskiya. Tagulla ta fi sauƙin aiki, tana kuma zama lafiya da roba, sai dai ta fi saurin gogewa. Ƙarfe marar tsatsa ya fi juriya, amma idan ba a goge cikinsa ya yi sumul ba, zai ci robar, man birki ya zube. Ga motar da ke fita sau biyu a wata, kowanne zai ishe ka. Hannun mai aikin shi ne abin dubawa. Ka nemi wanda ya daɗe yana yi, ka bar shi ya sa wanda ya fi ƙwarewa a kai, iri ɗaya a duka ƙafafun. Ka kai masa silindojin cikin makon nan. A sauya robobi da bututu da man birkin, ka gwada motar a hanya marar cunkoso sau da yawa kafin ka ɗauki amarya.

Teoh da Sivam kuwa, ka haɗa su a teburi ɗaya ka faɗa musu ka yi wa kowa alkawari saboda tsoro. Za su yi maka tsiya na mako guda, su wuce. Wadda ya kamata ka fara nema ita ce Suraya. Ka gaya mata ranar da motar za ta tashi, ka ce ta zo ta zauna a gefenka a gwajin farko.

Allah ya sanya albarka a auren, ya kai ku lafiya, ya dawo da kai lafiya.