Hannun da Ke Ɗaga Inna

Madarunfa, 4 ga Maris 1997

Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Inna tana gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, hagu ce ta yi shi.

Gaɓar ƙarfen da ka kai ni Jamus aka sa mini a wuyan hannu ta saki. Ran Talatar da ta wuce ina ɗaga Inna zan kai ta wanka, na ji ƙas. Hannun ya kumbura, yatsu uku ba na jin su. Likita a Maraɗi ya duba hoton ƙashin, ya ce ƙarfen yana girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa. Sai ya ce, "Madam, ba a gaya miki hannun nan ba ya ɗaukar abin da ya fi buta ba?"

Ba a gaya mini ba. Na iya Faransanci, na iya Larabci, Jamusanci ne ban iya ba, kai ne kunnena a ɗakin likitan Jamus. Baturen ya daɗe yana magana, kai kuwa ka ce mini, "Ya ce lafiya lau." Shekara ashirin ina koyarwa a lakwal, ban taɓa ganin fassara mai rowa irin wannan ba. Me ya ce?

Wassalam,
Yayarka Hussaina

Yamai, 19 ga Maris 1997

Yaya Hussaina,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Allah ya ba ki lafiya.

Hanya biyu ya bayar. Ko a haɗe ƙashin ya sandare, ba lanƙwasa amma da ƙarfi. Ko gaɓar ƙarfe, mai motsi, ba ɗaukar nauyi. Ya ce tana iya saki, ta yi ruwa, ko ta taɓa jijiya. Na san wadda za ki zaɓa, shi ya sa na yi shiru.

Yaya, tun da ɓarin jikin Inna ya shanye ke kaɗai ke ɗaga ta, kin hana ni kawo ta Yamai. Na ɗauka in hannun ya hana ki, za ki sakar mini ita, ki koma ga allinki ki huta. Wallahi alheri na nufa.

Ki gafarce ni.
Ƙaninki Hamisu

Madarunfa, 2 ga Afrilu 1997

Hamisu,

Salamu alaikum. Alherinka ya iso.

Za a cire ƙarfen a haɗe ƙashin, in abin da ya rage ya yarda ya haɗu. Likita bai yi alkawari ba. Ka ga, ba alli, ba Inna.

Ita kuwa ta ce ba baƙuwar da za ta ga tsiraicinta, a Yamai ko a nan. Ta daina cin tuwon dare, furar ma rabi take sha, wai don ta yi mini sauƙin ɗauka. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ƙi.

Kai ne gwanin fassara. Zo ka gaya mata lafiya lau.

Wassalam,
Hussaina